Tankin da Aka Tayar Tsaye a Garin Jaye

Iro ɗan maƙera ne. A Garin Jaye aka haife shi, wani ƙauye da ke kudu da Agiye, inda kakansa ya sauke uwar maƙera da zugazugi bayan ya baro ƙasar Katsina. Tun hannunsa bai iya ɗaga masaɓa ba yake hura wa ubansa wuta. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya riƙe ƙarfe sai ka ga kamar fira suke yi su biyu.

Abokinsa na ƙuruciya Surajo ne, ɗan gidan masu shanu da suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma. Tare aka kai su lakol, wato makarantar boko. Iro bai daɗe ba ya gudo ya koma maƙera, shi kuwa Surajo ya ɗan taɓa karatu a Maraɗi, daga baya ya bari ya kama fataucin aya da wake. Baki gare shi mai daɗi, in ya zauna a kasuwar Gazawa sai ka rantse kowa ɗan uwansa ne. Lokacin da Iro ya nemi auren Saliha, ƙanwar Surajo, tsofaffin gidan sun tsuke fuska, suka ce ba su saba ba maƙera 'ya ba. Surajo ne ya tsaya kai da fata, ya bi baffanninsa ɗaya bayan ɗaya har suka sauko. Iro bai taɓa manta wannan ba. Ko a bayan idon Surajo wani ya ɗauko zancensa da mugun nufi, sai Iro ya tashi ya bar wurin.

Walda kuwa a Maraɗi ya koya, a wani wurin aiki da ke ƙera tankunan ruwa ga ƙauyuka. Mai kula da aikin wani mutum ne mai ilimin sana'ar, ana ce masa Malam Hayatu, mai haƙuri da masu koyo. Wata rana aka ba Iro wani dogon tanki rufaffe, irin wanda ake matsa wa iska a ciki domin ruwa ya fita da ƙarfi, aka ce ya yanke masa baki biyu inda tiyo zai shiga, ɗaya a sama ɗaya a gindi. Iro ya duba agogon awon matsi da ke saman tankin, ya yi wa bakunan biyu walda iri ɗaya, ya koma gefe yana jiran yabo. Malam Hayatu bai yi masa faɗa ba. Ya sa aka kawo wani tsohon dogon bututu, aka toshe gindinsa, ya huda shi da ƙusa a sama da tsakiya da ƙasa, sannan ya ce a cika shi da ruwa. Hudar sama ta riƙa ɗiga kamar mai jin kunya, ta tsakiya ta ɗan yi tsalle, ta ƙasa kuwa ta feso har kan takalmin Iro.

"Agogon nan na sama labarin iska kawai yake ba ka," in ji Malam Hayatu. "Bakin da ke ƙasa yana ɗauke da iskar, kuma yana ɗauke da duk ruwan da ke bisa kansa. Kafin ka yanke wa tanki baki, ka fara tambayar tsayin ruwan da zai zauna a kansa."

Daga nan ya nuna masa yadda ake kewaye bakin ƙasa da zoben ƙarfe mai kauri, da yadda ake ƙara wa gindi haƙarƙari don kada ya yi ciki. Iro ya riƙe wannan kamar karatun allo.

Da wurin aikin ya rufe, sai ya dawo Agiye ya kafa rumfa kusa da tasha. Yana gyara amalanke, yana ƙera ƙofofi da tagogi, yana liƙe salansar motocin haya. Saliha ta haifa masa 'ya mace, suka sa mata Nasira. Ba su da yawa, amma tukunya ba ta kwana a kife.

Ana cikin haka ƙasa ta juya. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, mutane suka kwana suka tashi da rediyo a kunne, mulkin soja ya ja da baya, jam'iyyu suka ɓullo kamar ciyawar farkon damina. A Agiye kowace bishiya mai inuwa ta samu tuta. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya suka fara tambayar juna wa kake yi. Iro bai shiga ko ɗaya ba. Ya ce shi amalanken kowa yake gyarawa. Surajo kuwa ya samu abin da ya dace da bakinsa. Ya zama na hannun daman wani attajiri da ke neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya samu moto sabuwa, ya riƙa zagaya ƙauyuka yana tara mutane.

A Garin Jaye akwai wata rijiyar burtsatse da wasu masu aikin taimako suka haƙa, suka sa mata inji, amma suka tafi ba su gina mata shato ba, wato tankin da ake ɗorawa sama ya tara ruwa. Sai an tada inji mata ke rububin tara bokiti, in an kashe kowa ya koma tsohuwar rijiya mai zurfin gaske. Surajo ya ga dama a nan. Ya shawo kan attajirin ya ɗauki nauyin tanki, ya zo rumfar Iro da murna ya ce ga aikin da zai sa a riƙa tunawa da su biyu a garinsu.

Iro ya ji daɗi har cikin ransa. Uwarsa ta tsufa tana jan guga a tsohuwar rijiyar nan. Ya je da kansa Maraɗi ya zaɓo tol, wato fallen ƙarfe, ya auna, ya ga kaurin da aka samu ba zai yi tanki na tsaye ba. Sai ya ƙera shi na kwance: faɗinsa tsayin mutum guda, tsawonsa kamar mutum uku, a kwantar da shi bisa katanga biyu na siminti. A haka ruwan da ke ciki ba zai taɓa wuce tsayin mutum ba. Ya rufe kawunan biyu da tol shimfiɗaɗɗe, ya yanke bakin fitar ruwa a ɗaya daga cikinsu, can ƙasa. A gadon bayan tankin ya bar ƙofar shiga wanki, da 'yar kafar da iska za ta riƙa fita in ruwa na shiga. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, har Saliha na yi masa tsiya cewa tankin ya fi ta samun kulawa.

Da aka kusa gamawa, Surajo ya zo ya zagaya tankin yana shafa shi. Can ya ce shi fa yana ganin a tayar da shi tsaye. Wani ƙauye da ke gaba, na 'yan ɗaya jam'iyyar, suna da shato dogo da ake hangowa daga bakin kwalta. In aka kwantar da nasu, wa zai gan shi? Sai ka ce tankin kananzir.

Iro ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce in aka tayar da shi, duk ruwan zai koma ya zauna kan gindi guda, kan tol ɗin da bai fi kaurin murfin tukunya biyu ba, kuma a nan bakin tiyo yake. Ruwan da aka yi wa lissafin tsayin mutum ɗaya zai zama na mutum uku. Ƙofar wanki da kafar iska za su koma gefe, dole a toshe su, in an toshe kuwa iska ba ta da hanya, inji na turo ruwa tana matsewa a sama tana ƙara danna na ƙasa. Ya ce in dai tsaye ake so, a ba shi lokaci ya sake gindin da tol mai kauri, ya sa zobe da haƙarƙari, ya buɗe kafa a sama.

Surajo ya tambayi ko za a gama kafin ranar babban mitin, taron siyasar da aka shirya a garin. Iro ya ce ba zai yiwu ba, sai bayan zaɓe. Surajo ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce shi ke nan, mai sana'a ya fi kowa sanin sana'arsa, a kwance za a sa shi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Surajo da wani albishir. Ya ce ya samo masa aiki a Cadakori, ƙofofi da tagogin wasu sababbin shaguna na wani abokin kasuwancinsa, aikin da zai ɗauke shi mako biyu ko fiye. Ya ce kada ya damu da tanki, magina na can na aikin katanga, ba za a taɓa komai ba sai ya dawo. Iro ya yi godiya, ya ɗaure kayan aikinsa a bayan mota ya tafi yamma. Yana can yana gaya wa mutane irin surukin da Allah ya ba shi.

Ranar da ya dawo, tun motar ba ta iso Agiye ba wani fasinja ya nuna ta taga yana cewa a dubi sabon shaton Garin Jaye. Iro ya leƙa. Can bisa kan itatuwa ya hango tankinsa tsaye, an shafe shi da fentin launin jam'iyya, yana ƙyalli a rana. Ya ce wa direba ya tsaya. Ya bar kayansa a mota ya yanki gona da ƙafa.

Abin da ya tarar ya fi abin da ya ji tsoro. An gina dakali mai tsawo, an ɗora tankin a kan gefen gindinsa kawai, tsakiyar gindin na reto a sarari don tiyo ya samu hanya. An ɗaure ƙofar wanki da roba da kusoshi, an cusa wa kafar iska itace an liƙe. Wani mai walda aka ɗauko daga wani gari ya haɗa tiyon. Iro ya tsaya ƙarƙashin dakalin yana kallon ɗinkin waldar da ya yi da hannunsa, ya gane cewa aikin Cadakori ba alheri ba ne, hanya ce ta kawar da shi.

Ya sami Surajo a ƙofar gidan maigari ana shirin mitin. Ya ja shi gefe don kada ya kunyata shi gaban mutane. Surajo bai musa ba. Ya ce attajirin ne ya matsa, shi kuma ba yadda zai yi, ya san in ya faɗa masa ba zai yarda ba. Iro ya haɗiye abin da ke ransa, ya roƙe shi abu ɗaya: kada a cika tankin. A tsaya a kashi ɗaya cikin uku, a kashe inji, har a wuce zaɓe ya zo ya gyara. Surajo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na yi maka alkawari, Iro. Ni da kaina zan tsaya kan injin. Ba wanda zai wuce inda ka ce."

Iro ya yarda. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai daga baya, cewa bayan ya ga abin da ya gani, ya sake yarda.

Ranar mitin gari ya cika. Makaɗa, motoci, 'yan rawa, mata da sababbin zannuwa masu hoton jam'iyya. Iro bai je ba, yana rumfarsa a Agiye yana gyaran wata amalanke. Abin da ya faru daga bakin mutane ya ji shi. An tada inji tun da hantsi. Da aka buɗe famfunan gwaji sai aka ga ruwan bai fita da ƙarfin da zai burge baƙi ba, Surajo ya ce a bar injin ya yi ta aiki. Bayan azahar, ana tsakiyar jawabi, aka ji tankin ya yi wata ƙara kamar an buga ganga. Gindin ya kumbura ya yi ciki, ɗinkin bakin tiyo ya yage, ruwa ya ɓarke gaba ɗaya. Ya rushe gefen dakalin, ya kwashe rumfar da aka kafa wa baƙi, ya ci katangar wani gida ya shiga rumbun hatsi. Wata tsohuwa mai tallar nono, Inno, da ta zauna a inuwar dakalin, bulo ya faɗo mata a ƙafa ya karya ta.

Kafin ruwan ya gama tsotsewa cikin yashi, Surajo ya karɓi abin magana. Ya ce wa jama'a wannan ba tsautsayi ba ne, zagon ƙasa ne. Ya ce mai waldar da ya yi tankin an daɗe ana ganinsa yana gyaran motocin 'yan adawa, kuma kwanan nan ya ɓace ya tafi yamma, ba wanda ya san da wa ya gana. Ya ce yana faɗin haka zuciyarsa na ƙuna, don mijin ƙanwarsa ne, amma gari ya fi masa dangi.

Da la'asar jandarma suka zo rumfa suka tafi da Iro. Suka ce don a bincika ne, kuma don kare shi, saboda wasu samari sun riga sun taso da sanduna. Ya yi 'yan kwanaki a hannunsu. Aka kawo wani ma'aikacin ruwa ya duba tankin, ya faɗa musu a fili cewa an ƙera shi ne don kwanciya, kuma waldar ba ta da aibi, nauyin da aka ɗora mata ne ba nata ba. Aka sallami Iro. Amma jawabin Surajo gari guda ya ji shi, bayanin ma'aikacin kuwa a cikin buron jandarma aka yi shi, gaban mutum uku ko huɗu.

Da ya fito sai ya tarar an yaye rufin rumfarsa, an farfasa gilashin da yake kare ido da shi. Masu motar da ke goyon bayan attajirin suka daina kawo masa aiki. 'Yan ɗaya ɓangaren kuma suka riƙa zuwa suna yi masa kirari, suna cewa ya yi musu aiki, ya zo a ba shi katin jam'iyya. Wannan ya fi zagin ciwo. Ya kore su, sai ya zama ba shi nan ba shi can.

Saliha ta tafi gidansu ta sami yayanta. Ta ce masa ya fito ya gaya wa mutane gaskiya, ko a masallaci ne bayan sallar Juma'a, magana biyu ta isa. Surajo ya ce ta yi haƙuri har a wuce zaɓe, yanzu in ya buɗe baki ya kashe kansa ya kashe tafiyar. Zaɓe ya zo ya wuce, attajirin ya samu kujerarsa. Ta koma, ya ce a bari ƙura ta lafa. Ta sake komawa, aka ce ya tafi Yamai. Daga nan ba ta ƙara zuwa don wannan ba. Ta dawo ta ce wa mijinta, "Baban Nasira, ba zai faɗa ba." Iro ya ce ya sani.

Wurin da ya fara zuwa da ƙafarsa shi ne gidan Inno. 'Ya'yanta suka tare ƙofa, amma tsohuwar ta ce a bar shi ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shi ya ƙera tankin, bai kuwa ƙera shi don ya cuci kowa ba. Ta dube shi ta ce ita ba ta san zancen jam'iyya ba, ta dai san ubansa, kuma ƙafa ta riga ta karye. Ya koma ya ƙera mata sandar ƙarfe mara nauyi mai madafa, ya naɗe ta da fata. Da ita ta yi tafiya har ƙarshen ranta.

Zaman Agiye ya gagare shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Gazawa, inda ba a san shi sosai ba, ya sake kafa rumfa daga tushe. A hankali aiki ya dawo, don amalanken da ya ɗinka ba ta dawowa. Ko a can, lokaci lokaci wani baƙo zai tsaya ya ƙura masa ido ya ce, ashe kai ne na shaton Garin Jaye. Iro sai ya ci gaba da aikinsa. Tanki kuwa bai ƙara karɓar aikinsa ba, ko na gidan mutum ne. Mutanen garinsu suka koma jan guga, sai bayan wasu shekaru aka yi musu wani shaton.

Shi da Surajo ba su sake zama wuri ɗaya ba sai da uwar su Saliha ta rasu. Iro ya je, don marigayiyar ta riƙe shi kamar ɗanta. Tare suka ɗauki makara, shi a gaba Surajo a baya. A lokacin siyasa ta riga ta juya wa Surajo baya, attajirin ya samu wasu yaran, moto ta tsufa, furfura ta fito masa. Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane na zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, Surajo ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya. Ya ce abin da ya faru ya faru, lokacin ne ya zo da haka, in da bai nuna wani ba ranar nan shi jama'a za su cinye. Ya ce ai Iro ya san bai taɓa ƙin sa a zuci ba.

Iro ya ce, "Ga maigari can, ga liman, ga rabin gari zaune. In abin da ka faɗa mini gaskiya ne, ɗaga murya kaɗan su ji."

Surajo ya dubi taron, ya dubi ƙasa. Ya ce yau ranar makoki ce, ba ta dace ba, a bari wani lokaci. Sai wasu baƙi suka iso, ya tashi ya tarbe su.

Iro ya zauna har aka yi addu'a aka shafa. Ya shiga cikin gida ya yi wa mata gaisuwa, ya ce wa Saliha ta zauna har a yi sadakar bakwai, zai aiko Nasira da abin da ake bukata. Ya fito ya bi hanyar kwalta da ƙafa ya tari motar Gazawa.

Bai hana matarsa zumunci ba, bai hana 'yarsa gaida kawunta ba. In Surajo ya aiko da gaisuwa yakan ce yana amsawa. Amma bai sake taka gidansa ba, shi ma Surajo bai taɓa faɗin maganar a gaban mutane ba. Nasira ta girma ta yi aure a Gazawa, Iro ya tsufa a bakin aikinsa har idonsa ya raunana, ya sayar da injin walda ya koma gyaran fatanya da lauje a ƙofar gida, irin aikin da ya tashi ya ga ubansa na yi. A Garin Jaye har yanzu akwai tsofaffin da in aka ambaci sunansa sukan ce, wannan da 'yan adawa suka saya.